Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Sarkin Hayaƙin Tudun Wada

Daga ubangidanka na birnin Dabo. An ba ni labarin wani mutum da aka auna jininsa aka tarar ya hau. Likita ya cire tabarau ya yi masa doguwar nasiha a kan taba, shi kuma yana ta gyaɗa kai yana "to likita, in sha Allahu likita." Yana fita, ko ƙofar asibitin bai gama wucewa ba, ya laluba aljihu ya kunna kara ɗaya, wai don ya huce takaicin abin da aka gaya masa. Ban tambayi sunan mutumin ba. Na ce wannan aikin Bazazzagi ne, a cikin Zage-zagin ma nawa ne.

Ba zan ɗora maka laifin duka ba, akwai na gado. Lokacin da ake rabon arziki a Arewa, mu Kanawa muka ɗauki gyaɗa da fatu da kasuwar Kurmi, muka tara dala har Turawa suna zuwa ɗaukar hoto. Da aka zo kanku kuka ce ku karatu kuke so. Aka kawo muku Barewa, a 1959 aka buɗe muku masana'antar sigari, sai a 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ta iso. Ka ga taba ta riga jami'a zuwa da shekara uku, shi ya sa har yau hayaƙi ya fi karatu saurin shiga kan wasunku. Allah kuma da ya san halin bayinsa, sai ya ajiye muku asibitin koyarwa a Shika da cibiyar tarin fuka a Saye. An haɗa muku komai a gari ɗaya: inda aka naɗe ta, inda ake koyar da illarta, da inda ake kwantar da mai shanta. Ko kuɗin mota ba sai kun kashe ba.

Na sha kwana a ɗakin baƙinka, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Kafin ladan ya yi kiran farko kai kake tashin unguwa. Tarin nan naka irin na injin markaɗe ne da ya daɗe bai ga sabis ba, a ja igiya ya yi gurnani ya mutu, a sake ja ya yi gurnani ya mutu, sai can ya kama da ƙyar. Daga nan ka fito tsakar gida da buta, ka dafa bango, ka yi kaki, ka sunkuya ka duba launin abin da ya fito, sannan ka turo ƙasa da silifas ka rufe kada uwargida ta gani. In an yi maka sannu ka ce sanyi ne. Sanyi a watan Afrilu, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake.

Bari in karantar da kai, tunda garin ilimi ya gaza. A cikin hanyoyin iska na ƙirji akwai wasu 'yan gasu da ido ba ya gani, aikinsu dare da rana su riƙa turo majina da ƙura sama zuwa maƙogwaro. Baƙar kwaltar da ke cikin hayaƙin taba tana sanƙarar da su. In ka yi barci ka huta da zuƙa, sai waɗanda suka rage su ɗan farfaɗo su kama aikin da ya taru, shi ne kayan da kake saukewa da asuba. Can ƙasa kuma akwai ƙananan jakunkunan iska miliyoyi, ta nan iska take shiga jini, su kuwa in suka yage babu telan da ke ɗinke su. Hayaƙin da kake aika musu yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Har da iskar nan mai guba da ke fita daga salansar janareto, wadda muke jin ta kashe iyali guda don sun kwana da inji a ɗaki. Tana manne wa jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita ninki 200 da wani abu. Kai da kake yi wa yara faɗa kada su kusantar da janareto bakin taga, kai ne kake sayen hayaƙinsa kara-kara kana ɗura wa kanka.

"Taba ne fa, ba giya ne ba." Haka kake cewa da Hausar nan taku da ba ta san mace ba. In aka matsa maka kuma sai ka koma malami, ka ce kowa da ajalinsa. Gaskiya ne, babu mai musu. Amma na ga yadda kake tsallaka titi a Kwangila. Ka duba dama, ka duba hagu, ka sake duba dama, ka tattare babbar riga ka sheƙa da gudu har hula tana neman faɗuwa. Ban taɓa ganin ka tsaya a tsakiyar kwalta kana yi wa direban tirela wa'azin ajali ba. Ajalinka a kan taba kaɗai yake aiki.

Akwai wani likita Bature, Richard Doll, wanda shi ma mashayin taba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ciwon dajin huhu ya yi yawa a Ingila, aka sa shi da Bradford Hill su gano dalili. Da farko ana zargin hayaƙin motoci da kwaltar titi. Da suka bi gadajen asibitocin Landan suna tambayar marasa lafiya, sai ga shi kusan duk mai ciwon mashayin sigari ne. Doll bai jira an buga sakamakon a 1950 ba, ya yar da tasa. A 1951 suka fara bin rayuwar likitoci maza fiye da 34,000, aka yi ta binsu har shekara 50. Abin da ya fito a 2004 shi ne mai shan sigari yana rasa kimanin shekara goma na rayuwarsa in aka gwada shi da wanda ba ya sha. Wanda ya bari yana ɗan 30 kusan duk goman yake tsira da su, ɗan 40 ya tsira da tara, ɗan 50 shida, ɗan 60 ma ya tsira da uku. Shi Doll ya rasu a 2005 yana da shekara 92. Kai ka haura arba'in, hamsin tana leƙenka ta katanga, sai ka yi lissafin abin da ya rage a teburin ciniki. Mu 'yan kasuwa mun san kayan da farashinsa ke faɗuwa kullum ba a kwana da shi.

Na san yanzu za ka kawo mini kakanka, wanda ya sha lofe har ya shekara casa'in yana zuwa gona. Allah ya ji ƙansa. Kowane mashayi yana da irin wannan kakan, kamar a kasuwa ɗaya kuke sayo su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe har rabin masu shanta da ba su bari ba, kuma fiye da mutum miliyan 7 take ɗauka duk shekara. Rabin da ya tsira shi ne yake zama a majalisa yana ba da labari. Ɗaya rabin, abokan kakan naka da suka tafi suna 'yan hamsin da ƙirji a riƙe, babu wanda ya zo ya ba ka nasu labarin, an ce ciwon ajali ne an yi addu'ar uku an watse.

In kuma gata kake taƙama da shi, ka tuna Sarkin Ingila Joji na Shida, mahaifin Sarauniyar da aka yi wa hawan daba a Kaduna a 1956. Mashayin sigari ne na gaske. A 1951 aka cire masa huhun hagu, a watan Fabrairun 1952 ya rasu yana da shekara 56, duk da likitocin fada da yake da su. Kai wa kake da shi? Yaron kemis ɗin bakin layi, wanda komai ka ce masa sai ya haɗo maka ja da fari da ruwan ɗorawa a leda.

Sai batun "ai na rage, kara biyu nake sha a rana." Da farko dai ƙarya kake, na ƙirga guntayen da ke bayan bencin majalisarku, kuma kai kaɗai ne mai sha a wurin. Amma mu ƙaddara gaskiya ne. A 2018 masana a Landan sun tattara bincike 141 suka auna, suka ga mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan kara 20 yake ɗauke da shi. Rabi fa, ba kashi ɗaya cikin ashirin ba. Dalili kuwa, hayaƙi kaɗan ya isa ya sa jini ya yi kauri ya riƙa daskarewa, ya kuma ƙuje bangon jijiya. Ga mai hawan jini irinka, hanyar shanyewar ɓarin jiki ke nan a share. Zuciya ba ta san ragi ba, ba Bakanuwa ba ce.

Wadda nake tausayi ita ce uwargida. Baiwar Allah ba ta taɓa saka kara a baki ba, amma shekara da shekaru tana shan rabonta kyauta. Tun 1981 wani likitan Japan, Takeshi Hirayama, wanda ya bi rayuwar matan aure fiye da 90,000 da ba sa shan taba, ya ga matan mashaya sun fi sauran kamuwa da dajin huhu. A cikin waɗanda taba ke kashewa duk shekara, fiye da miliyan ɗaya ba su taɓa sayen ta ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Autan nan naka da kullum ake kai shi asibiti da tari da ciwon kunne, kana cewa haƙori ne, sai ka tambayi likita ko haƙori yana sa ƙirji ya yi fito. Kuma dabarar da kake yi ta jefa tom-tom biyu a baki, ka tauna kanumfari, ka fesa turare kafin ka yi sallama, wallahi babu wanda take ruɗa. Warin yana cikin rawaninka, yana cikin labule, yana jikin matashi. Haƙuri kawai ake yi da kai, don an san Bazazzagi ne.

Na kuma ji raɗe-raɗin kana neman ƙari, har an fara kai goro. Allah ya sanya alheri. Sai dai ka matso da kunnenka, wannan ba ta jarida ba ce duk da a jarida nake faɗa. Taba tana tsuke jijiyoyin jini, kuma ƙanana take fara kamawa kafin manya. Likitoci sun daɗe da sanin mashaya sun fi sauran maza fama da raunin mazakuta, har wasu ƙasashe suna buga gargaɗin a jikin kwali. Duk ƙullin da kake saye a asirce wurin mai mota da lasifika ba zai buɗe hanyar da kake toshewa safe da yamma ba. Na faɗa maka iya abin da kunya ta bari.

Kuɗi kuwa ai fagena ne. Mu ƙaddara kara ɗaya naira 100, kana shan goma a rana. Dubu ɗaya ke nan kullum, a shekara naira 365,000. Sannan in layya ta zo ka ce shekarar ta yi tsauri, ka shiga watanda. Abin da ya sa ba ka ganin lissafin shi ne kara-kara kake saye wurin mai tireda, ana rubuta maka a bayan kwalin ashana. Dokar hana yaɗuwar shan taba ta 2015 ta haramta sayar da ita kara-kara, ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta haramta sha a wuraren taruwar jama'a. Yadda ake bin dokar kuwa, ni da kai mun sani. Tun 2021 aka fara buga hotunan cuta a jikin kwalaye don mai saye ya gani ya tsorata, amma kai da ba ka taɓa riƙe kwali cikakke ba, mai tireda ne yake kallon hoton a madadinka. Shi kuwa ba ya sha.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kullum cewa kake ba za ka iya bari ba, ta shiga jini. To azumi fa? Daga ketowar alfijir har faɗuwar rana, awa goma sha uku zuwa sha huɗu, cikin zafi, ga ciniki ga hayaniya, ba ka taɓa kunna ta ba. Babu ɗan sanda a kanka, babu likita, ko ka shiga ɗaki ka kulle babu mai ganinka sai Allah, amma ba ka yi. Wata guda cur, duk shekara. Na kuma ga yadda kake buɗe baki. Ladan yana kira ka jefa dabino ɗaya, ka kurɓi ruwa, kunu da ƙosai suna gabanka suna tururi ba ka ko kalle su ba. Ka zame ka shige lungun bayan masallaci, hannu yana rawa har ashana biyu ta karye kafin ta uku ta kama. Zuƙar farko jiri ya ɗebe ka, ka tsuguna ka jingina da bango ka lumshe ido, mutane suna can suna tayar da iƙama.

Ka san me ya faru a jikinka kafin wannan zuƙar? Minti 20 bayan karan ƙarshe na sahur, bugun zuciyarka da hawan jininka suka fara sauka. Kafin awa 12 ta cika, iskar janareton nan ta fita daga jininka, ya koma irin na mutane. Wato duk ranar azumi, wajen la'asar sakaliya, jikinka ya gama share gida ya yayyafa ruwa. Da magariba ka zo da kwandon shara ka juye a tsakiya. Jirin da kake ji kana kiransa daɗi, sinadarin nikotin ne da ke isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya tarar da jikin da ya fara mantawa da shi. Sau 29 ko 30 a shekara kake daina shan taba, bawana, kuma duk ranar sai ka ci nasara. Dare ne kawai ba ka taɓa gwadawa ba.

Ba zan yaudare ka in ce abu ne mai sauƙi ba. Sabo turken wawa ne, nikotin kuma turke ne mai zurfi. Kwana ukun farko su ne wuta. Za ka yi fushi da kowa, barci ya ƙi, kai ya yi nauyi, ka ji ƙosai ma ya yi maka rashin kunya. Daga nan abin yana sassautawa, cikin mako biyu zuwa huɗu mafi yawansa ya wuce. Kwaɗayin kansa ba ya zama, zuwa yake ya taso ya kwanta cikin 'yan mintoci, ko ka sha ko ba ka sha ba. Lokutansa ma ka san su: bayan shayin safe, bayan tuwon dare, da sa'ar da kuka baje a majalisa ana gardamar siyasa. A nan za ka tare shi. Ka tsayar da rana, ka gaya wa uwargida don ta samu abin yi maka gori in ka karya, ka biya mai tireda bashinsa ka ce ya yaga takardar. Ka sa asuwaki a aljihun da sigari take zama, domin rabin jarabar ta hannu da baki ce. Gyaɗa kuwa ni zan aiko maka, a kan farashin sari. Akwai cingam da filastar nikotin da ke rage azabar, akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa, amma tunda jininka ya hau, ka koma wurin likitan nan da ka yi wa "in sha Allahu" ya zaɓa maka. In ka zame ka sha kara ɗaya ranar wani suna, kada ka ce shi ke nan an ɓata goma biyar ba ta gyaru ba. Yawancin waɗanda suka rabu da ita sai da suka faɗi suka tashi.

Kada dai ka zo mini da wayon Zage-zagi ka ce ka koma shisha irin ta yaran zamani, wai ruwa yana tace ta. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi don ka ƙara zuƙa da yawa, ga gawayi yana ƙara maka tasa gubar. Taba gari ta cusawa a leɓe ma canjin unguwa ne, ciwon ya tashi daga huhu ya tare a baki.

In ka daure, tarin zai iya ƙaruwa da farko, kada ka tsorata, 'yan gasun nan ne suka dawo aiki suna kwashe tsohon kaya. Tsakanin mako biyu da wata uku jini zai fara gudu sosai, huhu ya ƙara ɗaukar iska. Kafin wata tara tari da haki sun ja baya. Shekara ɗaya, haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. Shekara goma, haɗarin dajin huhu ya koma kusan rabin na mai sha, shekara 15 kuwa zuciyarka ta zama kamar ta wanda bai taɓa sha ba. Za ka ɗan yi ƙiba, wannan kuwa alheri ne, ko babbar riga ta samu abin da za ta rataya a kai. Abu ɗaya nake ji maka tsoro. Cikin 'yan kwanaki hanci da harshe za su farfaɗo, ka fara jin ɗanɗanon abinci na gaskiya. Ranar nan za ka gane abin da muka daɗe muna gaya muku game da fate. Ka yi haƙuri, kowane magani da ɗacinsa.

Kada ka ɗauka ƙauna ce ta sa na yi wannan dogon rubutu. Bawa dukiya ne, kuma ba a taɓa yin Bakanon da ya zuba ido jarinsa yana ci da wuta ba. In ka tafi, wa zan tsokana ranar Cika-ciki? Wa zai zo yana mini ƙorafin kuɗin sharan da ya ce yana bina? Sayen sabon Bazazzagi a wannan tsadar ba ƙaramin aiki ba ne, kafin ma a hore shi.

Ga ciniki. Ka yi wata uku ba ka kunna ba, uwargida ce shaida, ba abokan majalisa ba. Sai ka hau mota ka zo Kano mu je gindin Dala. In ka hau har ƙoli ba ka tsaya ka dafa gwiwa ba, ni kuma na yarda a kawo fate cikin akushi, in zauna a ƙofar Kurmi in cinye shi a gaban jama'a, a ɗauki hoto a kai Zariya. In kuwa ka tsaya a hanya kana haki, za ka ɗauki jakata har tasha, kana tafe kana cewa "ranka ya daɗe." Ka taho da kuɗin motar komawa, ni ba na bayarwa.